Amsa ga mai tambaya kan koyon gyaran injinan asibiti

Wa alaikumus salam. Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi jim. Ka ce ka gama ND a lantarki, kana son gyaran injinan asibiti, amma ka rasa ko makaranta za ka koma ko wani oga za ka bi. Ni ogan na bi, kuma har yau da tabon a jikina.

Bayan na gama Hassan Usman Poly, wani ɗan unguwarmu ya haɗa ni da mai gyara a wani asibitin kuɗi nan cikin Katsina. Shekara 3 ina ɗaukar masa akwatin kayan aiki. Littattafan injina a durowa yake kulle su. Da zarar zai buɗe cikin inji sai ya aike ni sayo katin waya, kafin in dawo ya ɗaure kusoshi. Ni kuwa ina ta "ranka ya daɗe".

Ranar da ba na mantawa, wani bawan Allah ya kawo gudummawar injin iskar oksijin daga Amurka. Akwai yaro a gado, numfashi na sama-sama, uwarsa na riƙe da ƙafarsa. Oga ya ce, "Jona shi." Na sa masa adafta na jona. Sai ƙara, sai hayaƙi. Ashe na wuta mai ƙarfin volt 110 ne, tamu kuwa 230. A rubuce yake ɓaro-ɓaro a bayan injin, amma ba wanda ya taɓa ce min a fara duba nan. Wallahi a gaban likita da nas-nas mutumin nan ya dube ni ya ce shi bai sa ni ba. Bai sa ni ba! Mutumin da nake kai wa 'ya'yansa makaranta a babur ɗina. Aka riƙa yankar albashina har wata 7. Yaron dai an tura shi babban asibiti, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma kallon da uwar ta yi min, ko yanzu na rufe ido sai in gan shi. Ogan kuwa har gobe in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya miƙo hannu kamar ba komai.

Don haka ka tafi makaranta. Akwai ta fasahar injinan lafiya ƙarƙashin asibitin koyarwa na ABU Zariya, akwai ta LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. Ko ina za ka, ka tabbatar hukumar kula da ilimin fasaha, wato NBTE, da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin, kada ka zuba kuɗi a takardar da ba za ta karɓu ba. Lantarkin da ka iya rabin aiki ne. Can za a nuna maka ɓangaren jikin mutum. Injin oksijin yana iya yin ƙugi lafiya lau alhali iskar banza yake hurawa, sai da ma'auni za ka gane ko tana kai kashi 90 cikin 100. Tukunyar dafa kayan tiyata in ba ta kai digiri 121 ba, ƙwayar cuta na nan da ranta.

Af, kuma ka kula da ƙura. Hunturun garin nan shi ke kashe injina, matatar iska kan toshe cikin 'yan kwanaki, wanke ta kawai ake yi amma sai a jibge inji a sito a ce ya mutu. Ruwan burtsatse ma kada ka bari a zuba a tukunyar nan, gishirinsa ke cinye ƙarfen ɗumama ruwa.

Ka koyi sola ko da a gefe ne. Firjin allurar rigakafi a ƙananan asibitocin ƙauye da yawa da ita suke aiki, ni da ita na biya sadaki.

Sannan ka sayi littafi, duk abin da ka taɓa ka rubuta rana da wanda ya sa ka, ya sa hannu. Da ina da shi a ranar nan... hmm, bari dai.

In kana cikin gari ka yi min magana ta akwatin saƙo, Asabar nakan buɗe injina. Ka zo da mitarka ta gwada wuta, ni ba na aiken kowa katin waya.