Tambaya da Amsa: Kula da Kayan Kashe Gobara a Bene

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gadi ne a wani bene mai hawa shida a Makka. Maigidan ya ce jami'an Difa'ul Madani (hukumar kashe gobara da ceto ta Saudiyya) sun ƙara tsanantawa kan kayan kashe gobara. Daga ina zan fara? Daga wani mai karatu, unguwar Jarwal.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da fari, aikin maigidan ne ya ƙulla yarjejeniyar kulawa da kamfanin da Difa'ul Madani suka amince da shi, ta dandalinsu na intanet mai suna Salama. Naka shi ne sa ido.

Kowane wata ka bi tukwanen kashe wuta ɗaya bayan ɗaya: allurar ma'auni ta tsaya a kore, fil da hatiminsa na nan, tiyo bai tsage ba. Garin da ke ciki yakan dunƙule idan tukunya ta daɗe ba a taɓa ta ba, ranar buƙata kuma ta ƙi fesawa; shi ya sa kamfani ke duba ta duk shekara. Maƙala ta a bango, hannunta kada ya wuce mita 1.5 daga ƙasa.

Injin tura ruwan kashe gobara mai amfani da dizal a tayar da shi duk mako, minti 30. Mutuwar batir ce ta fi hana shi tashi. Kada kaya su matsi bakin na'urar yayyafa ruwa da ke rufi, a bar tazarar santimita 45.

Abin da ya fi damun mu shi ne matakala. Lokacin Hajji ake jibge katifu da jarkokin zamzam a can, har a garƙame ƙofar fita da kwaɗo. Don Allah ka kwashe su yau. Gobara ta tashi, kira 911.