Tambaya da Amsa: Yaya Maganin Salfa Yake Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An rubuta mini Septrin saboda cutar mafitsara, aka ce yana cikin dangin magungunan salfa, kuma aka ja mini kunne da in yawaita shan ruwa. Ta yaya yake yaƙar ƙwayoyin cuta, kuma mene ne haɗinsa da ruwa? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Maganin salfa shi kaɗai ba ya kashe bakteriya kai tsaye, hana ta hayayyafa yake yi, sannan garkuwar jiki ta ƙarasa aikin. Kafin ƙwayar ta rabu biyu sai ta sami sinadarin folik asid, kuma da kanta take haɗa shi daga wani sinadari mai suna PABA. Salfa ya yi kama da PABA matuƙa, don haka sai ya shige gurbinsa ya tsaya, kamar mabuɗin da ya shiga kwaɗo amma ya ƙi juyawa. Mu 'yan Adam daga abinci muke samun folik asid, shi ya sa wannan dabarar ba ta tsayar da namu jikin.

Tsohon magani ne, domin Gerhard Domagk na Jamus ya bayyana na farkonsu, Prontosil, a 1935, tun kafin fenisilin ya shiga hannun likitoci. Ƙwayoyin cuta da dama sun koyi bijire masa, saboda haka yanzu akan haɗa shi da trimethoprim, wanda yake tare mataki na gaba a hanyar folik asid ɗin. Wannan haɗin shi ne Septrin ɗinki. Baya ga mafitsara, ana ba masu HIV domin kariya daga wata muguwar cutar huhu, akwai kuma wani maganin salfa na shafawa a ƙuna. Mura kuwa, wadda bairos ke kawowa, ba ruwansa da ita.

Batun ruwa ba wasa ba ne, domin ta ƙoda maganin yake fita, kuma idan fitsari ya yi ƙaranci yana iya daskarewa ya zama tsakuwoyi ƙanana masu cutar da ita. Ki shanye adadin da aka rubuta miki ko da kin ji sauƙi. Amma da zarar kin ga ƙuraje, ko bororo a leɓe da cikin baki, ki dakatar da shi ki koma asibiti a ranar. Idan kina da juna biyu, ko kina shayar da jariri sabon haihuwa, ko kina da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda yake kare jajayen ƙwayoyin jini, ki sanar da likitanki kafin ki ci gaba da sha.