Tambaya da Amsa: 'Yan'uwa uku sun tafi yaƙi, ɗaya ya zauna gona. Ta ina zan fara bin salsalarsu?

Tambaya: Malam, kakan mahaifina manomi ne a ƙauye, 'ya'yansa maza huɗu. Uku sun shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, biyu suka dawo, ɗaya har yau shiru. Abin da ya rage a gida minda ce guda da wani tsohon hoto. Na sa sunayensu a intanet, mutane barkatai suka fito. Ina son rubuta tarihin gidanmu, yaya zan yi?

Amsa: Malama, ki ajiye sunan tukuna, ki nemi lamba. Soja ba ya riƙon mutum da suna, da lambarsa yake riƙonsa. Akawun da ya ɗauki saurayin ƙauye aiki yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, sau da yawa ba ya jin harshen yaron, shekarun haihuwa kuma kintata su ake yi, ko yaron ya ƙara don a karɓe shi. Shi ya sa 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya kan fito a takarda da sunan uba iri uku. Lamba kuwa mutum ɗaya ke da ita.

Juya hoton ki duba bayansa. Ki duba bajon hula da na kafaɗa, don su ne za su gaya miki ƙasar da suka yi wa yaƙi da rundunarsu. Mindar ma ki kai ta haske ki bi gefenta da yatsa. Idan ta Ingila ce ta Yaƙin Duniya na Farko, an zana lamba da muƙami da suna a gefen. Na yaƙi na biyu kuwa yawancinsu ba suna aka raba su, don haka kada ki karaya idan kin ga fili. Ƙyallenta zai yi magana: ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe, to mai ita ya yi yaƙin Bama, wato Myanmar ta yau. Takardar sallama ko littafin fansho, in akwai su a ƙasan akwatin wata tsohuwa, sun fi mindar daraja nesa ba kusa ba.

Abin mamakin wannan aiki shi ne wanda bai dawo ba ya fi sauƙin samu. Idan ƙarƙashin tutar Ingila ya mutu, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wadda aka kafa a 1917, tana da sunaye kusan miliyan 1.7 na yaƙe-yaƙen biyu, kuma bincike a shafinta kyauta ne. Wanda ba a ga gawarsa ba ma yana da gurbi: a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Sai dai rashin suna a jerin ba hujja ba ce cewa mutum bai mutu a yaƙi ba. Hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙi na farko, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta su da suna ba. In kuma Faransa ya yi wa yaƙi, shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaronta za ki nufa. Idan ana zargin kama shi aka yi, kwamitin Red Cross a Geneva yana riƙe da katunan fursunonin yaƙi.

Fayil ɗin waɗanda suka dawo ne ke ba da wahala, kuma wuta ta yi ɓarna. A Satumbar 1940 bam ya faɗa kan ma'ajiyar takardun soja a Landan, fiye da rabin fayilolin yaƙi na farko suka ƙone. A Amurka gobarar St. Louis ta 1973 ta ci fayil miliyan 16 zuwa 18. Idan naku na ciki, sai a bi ta wata hanya: kowace bataliya tana rubuta abin da ya faru kullum, kuma na Ingila suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, a Landan. Da wuya ki ga sunan ƙaramin soja a ciki, amma za ki san inda bataliyarsa ta kwana ranar da ya ɓace.

In fayil ya samu, layin da na fi so ki kalla shi ne na magaji. A nan soja ke faɗin wanda za a sanar in ya mutu, da ƙauyensa. Idan fayil uku suka nuna uba ɗaya ko uwa ɗaya a ƙauye ɗaya, kin ɗaure zumuncin da hujja, ko da sunayen sun sha bamban.

Kada ki raina na huɗun. Zamansa gida ba lallai tsoro ba ne. Ingila ta sa noma cikin sana'o'in da ake keɓewa daga shiga soja, Amurka ma ta yi doka a 1942 ta ɗage wa ma'aikatan gona. Ko ba doka, uba mai gona ba ya sakin hannaye huɗu gaba ɗaya. Shi ba fayil gare shi ba, sawunsa yana cikin takardun haraji, ƙidayar jama'a, da rabon gado. Ranar da aka raba gonar, an lissafa magada. Duba ko an ware kason wanda ya ɓace ko an tsallake shi, don daga nan za ki gane lokacin da gidan ya fid da rai.

Kafin duk wannan, je ki wurin tsofaffi da na'urar ɗaukar murya, musamman mata, don su ne ke riƙe da wa ya auri wa. Ki zauna da su ɗaya bayan ɗaya, saboda in an haɗa su mai ƙarfin murya ke cinye labarin. Kada ki ce wace shekara. Ki ce, da suka dawo an haifi wane, ko tukuna?