Filtar Ƙofar Ruwa za ta kashe mini garanti?

Tambaya: Malam, a bara na sayi sabuwar mota fil a wajen wani dillali a Abuja, da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000. Kowane sabis sai na kai ta can, ga kuɗin filta da takalmin birki ya ninka na kasuwa. Bakanikena ya ce in sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke nan Kano ya ɗaura mini, babu mai sani. Wani abokin aikina kuma ya ce ranar da na yi haka garanti ya tashi. Maganar wa zan kama? Hajiya A., Kano.

Amsa: Hajiya, kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan da ba nasa ba. Sai ya nuna cewa wannan kayan ne ya jawo lalacewar. Idan kin sa fulogin kasuwa, sannan na'urar sanyaya mota ta mutu, ina ruwan fulogi da ita? To amma dokar can ce, ba ta bin mota zuwa Kano. A nan, littafin garantin da aka miƙa miki tare da makulli shi ne alƙali, kuma dillalai da yawa suna rubuta sharaɗin a riƙa yin sabis a garejinsu. Ki zaro shi daga aljihun mota ki karanta wannan shafin da kanki. In aka yi miki rashin adalci bayan kin cika sharaɗi, akwai hukumar FCCPC mai kare masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa.

Shi kuma bakanike da ya ce babu mai sani, Allah Ya shirye shi. Ranar da injin ya buga, filta ce farkon abin da ma'aikatan dillali za su kwance.

Ni ganau ne. Na taɓa sayen filtar baƙin mai mai araha, kwalinta tsaf, tambarin kamfani ɓaro-ɓaro. Ba a yi wata biyu ba fitilar mai ta fara ƙyaftawa a hanyar Zariya. Da muka yanka ta da zarto, takardar ciki ta lanƙwashe ta dunƙule kamar tsumma, mai ba ya wucewa yadda ya kamata. Da motar tana da garanti, da wane baki zan yi musu?

Ba kuma duk kayan kasuwa ne jabu ba. Kamfanonin Denso da Aisin su ke ƙera wa Toyota kaya da dama, NGK da Bosch ma sanannu ne. Wahalar ita ce bambance na gaske da na kwaikwayo a kan teburin ɗan kasuwa.

Da ni ne ke, duk abin da ya shafi inji, giya, birki da wayoyin lantarki zan bar wa dillali har shekara ukun ta cika, in tabbatar sun buga hatimi a littafin sabis, in adana kowane rasit mai ɗauke da kwanan wata da kilomita. Robar goge gilashi da taya kuwa, ki saya inda kika ga dama, su dama kayan cinyewa ne, garantin mota ba ya ɗaukarsu.