Wane gudu ne ya fi rage shan mai a tsohuwar bas mai wurin kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hiace mai kafireta da giya biyar, an cire kujerun baya an sa gado da ɗan wurin girki, da ita nake doguwar tafiya da iyali. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake lissafin kowace lita. Wani ya ce in riƙa tafiya a 60, wani ya ce sai a 100 inji yake sakewa. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Irin wannan mota galibi tsakanin kilomita 70 da 85 a awa ta fi sauƙin sha, a giyar ƙarshe. Mai cewa 100 da ƙaramar mota yake aunawa, ita kuwa taka faffaɗan goshi gare ta, tafe take tana ture iska kamar an ɗora wa bango taya.

Iskar nan ita ce babbar mai cin man. Ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: in ka ninka gudu, turjiyarta sau huɗu take ninkuwa. Daga 80 zuwa 100 ta ƙaru da fiye da rabi, a 110 kuwa ta kusa ninki biyu. Ribar da ka ci daga 80 zuwa 100 fa? A tafiyar kilomita 100, minti 15 kacal. In ka ɗaure katifu da jarkoki a saman mota, abin ya ƙara muni, gara su shiga ciki.

Mai cewa 60 ya fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi. In a giya ta biyar inji yana kakari, kana danna totur mota tana karkarwa, to ba tsimi kake ba, injin kake wahalarwa. In kuma ka koma giya ta huɗu, juyin inji ya ƙaru. Abin nema shi ne mafi ƙanƙantar gudun da giyar ƙarshe take ja ba tare da nishi ba, sai ka ɗan ɗara a kai saboda hawa da kaya. Ni dai ba na ba mutum shawarar rarrafe a 60 a hanyar Zariya alhali tireloli na bayansa.

Ainihin gudun da ya dace da motarka sai ka auna, kuma kada ka yarda da allurar tanki. Cika tanki har baki a wani gidan mai da ke wajen gari, don cunkoson cikin Kano yana ɓata lissafi. Rubuta lambar mita, ka riƙe 75 har Kwanar Dangora, ka juyo, ka sake cikawa a famfon da ka sha da farko. Raba kilomita da lita. Wata rana ka maimaita a 85, sannan a 95, da kaya iri ɗaya. Zuwa da dawowar wajibi ne, musamman da hunturu, domin iskar arewa maso gabas takan taimaka a gefe ɗaya ta karɓe a ɗayan. Gudun kuma ka duba shi a GPS na waya. Mitar tsofaffin motoci kan yi ƙari, balle in an canja girman taya.

Kafin gwajin, mai faci ya daidaita iskar tayoyi da safe suna sanyi, bakanike ya duba filogi da saitin kafireta, a kuma canja matatar iska in ƙura ta toshe ta. Kafireta da matatarta ta toshe mai take zuƙa fiye da kima a kowane gudu, sai gwajin ya ba ka lissafin ƙarya. Sakin mota a firi a gangara kuwa ka bar shi: ɗan abin da za a tsira da shi bai kai haɗarin ɗora wa birki nauyin motar gaba ɗaya ba.