Kafin ki sake sayen maganin feshi, duba saiwar

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce tumatirinki yana tashi lafiya lau, da ya fara fure sai ya yi yaushi ya mutu, ga shi kin yi feshi har kin gaji. Ni ma shekara biyu na yi ina tafka wannan asarar. Ciwon ba a ganye yake ba, a ƙasa yake, shi ya sa feshin ya tashi a banza.

Ki tumɓuke ɗaya ki wanke saiwar. In kin ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, to nematod ne, wasu 'yan tsutsotsi da ido ba ya gani. Irin wannan da rana zai langaɓe, da yamma ya ɗan farfaɗo. In kuwa saiwar ba ƙulli, amma tsiron ya zube cikin kwana biyu ganyensa kore shar, ki yanki karan ki tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa, ki jira 'yan mintuna. Ni da na gwada, wani farin abu na gani yana zirara zare-zare kamar madara. Wannan bakteriya ce, feshi ba ya kashe ta. Cire tsiron ki ƙone, kar ya shiga cikin taki.

Babban kuskurena shi ne da tumatir ya ƙi, sai na maye gurbinsa da tattasai. Ashe dangi ɗaya ne, har da attarugu, gauta da dankalin turawa. Kuɓewa ma nematod na sonta. Wurin yana buƙatar hutun shekara 3 zuwa 4 daga wannan dangin. Masara na sa a nawa.

Na kuma gwada gasa ƙasar: lokacin zafi na jiƙa ta sharkaf, na rufe da leda mai shara-shara, na binne gefunan, mako 6. Ta yi sauƙi ƙwarai, sai dai zafin ba ya nisa ƙasa, a hankali ciwon ya dawo.

A ƙarshe shuka a buhu na koma. Ƙasa daga wani wuri, ruɓaɓɓen taki, na huda gindin buhun na ɗora a kan bulo don kar saiwa ta taɓa ƙasan gidan. Fartanyar ma sai na wanke ta kafin ta kusanci buhunan. In za ki sayi iri, nemi mai harafin N a jikin fakitin, yana jure nematod, kodayake juriyar takan ragu in ƙasa ta yi zafi sosai.