Yayata ta ƙi maganin asibiti ta koma na gargajiya, za mu iya tilasta mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayata ce, shekarunta 46, aka gano tana da sankarar mama wata biyu da suka wuce. Likitoci sun ce tana mataki na biyu, suka ba da shawarar a fara allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sannan a yi aiki. Ta ce sam ba za a sa mata wuƙa ba, wai daji ba ya son ƙarfe, kuma ta ga yadda kemo ta yi wa wata maƙwabciyarta kafin ta rasu. Yanzu wani mai maganin gargajiya ne ke ba ta jiƙo da na shafawa, ga habbatus sauda da zuma. Mijinta ya ce a shirye yake ya sa hannu a yi aikin ko ba ta so. Doka ta ba mu damar tilasta mata? In ba ta ba mu ba, haka za mu zura ido?
Wani mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne.

Malam, ba ku da wannan damar. Muddin ta mallaki hankalinta, jikinta nata ne, kuma sa hannun mijinta ba ya tsaya wa nata. Na san a asibitocinmu an saba a ce "ina mijinta, ya zo ya sa hannu", har mutane suka ɗauka izinin a hannunsa yake. Al'ada ce ta girmamawa da neman haɗin kan gida, doka ba ta ce haka ba. Likitan da ya yanka mace baliga mai hankali bayan ta ce ba ta so, ya ci zarafinta, yana iya rasa lasisinsa, yana iya tsayawa gaban alƙali. Haka nan in aka yaudare ta aka ce "ɗan ƙaramin aiki ne", ta farka ta tarar an cire mama.

Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke wannan magana tun 2001, a shari'ar da aka fi sani da ta Dakta Okonkwo. Wata mata ce mabiyar ɗariƙar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini a Inugu saboda aƙidarta, likitan ya ci gaba da kula da ita ba tare da jinin ba, ta rasu. Kwamitin ladabtar da likitoci ya dakatar da shi. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, sai ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da 'yancin ƙin magani ko da ƙin zai kai shi kabari. Ta jingina hukuncin da 'yancin sirri da 'yancin tunani da addini, waɗanda a tsarin mulkin 1999 suke sashe na 37 da na 38. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da cewa yana da damar ƙi, da abin da ƙin zai jawo. Ta kuma ce a yi bayanin da harshen da yake ji.

Inda lamarin yake sauyawa shi ne in yaro ne. A 2019 Kotun Ƙolin ta ce iyaye ba za su hana ɗansu ƙarami maganin da zai ceci ransa ba saboda aƙidarsu, kotu na iya ba likita izini. Sai kuma wanda hankalinsa ya gushe, ko wanda ya suma ba a san ra'ayinsa ba. Mu likitoci abin da muke dubawa shi ne ko mutum ya fahimci bayanin, yana iya riƙe shi, yana iya auna shi, yana iya faɗin abin da ya zaɓa. In Yaya tana iya waɗannan, to shawararta ta zauna, ko da duk dangi suna ganin wauta ce. Ƙin bin maganar likita ba hujja ba ce ta taɓin hankali.

Wannan ke nan game da doka. Amma a ce tana da 'yancin ƙi, ba a ce abin da ta koma wa yana aiki ba, kuma a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi bayanan mutum 281 masu sankarar mama da ta huhu da ta hanji da ta prostate (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), waɗanda cutarsu ba ta riga ta bazu ba, suka bar maganin asibiti suka dogara da wasu hanyoyin kaɗai. Suka gwada su da mutum 560 masu irin cutar da suka karɓi na asibiti. Sakamakon da ya fito a mujallar Cibiyar Sankara ta Amurka a 2018 ya nuna haɗarin mutuwar rukunin farko ya ninka sau biyu da rabi. A sankarar mama, wadda ita ce ta Yaya, ya haura ninki biyar. Dalilin a fili yake: sankarar mama a mataki na ɗaya da na biyu tana cikin waɗanda magani ke ci sosai, don haka wanda ya bar maganin ya bar abu mai yawa. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, fiye da mata 90 cikin 100 suna kai shekara biyar da rai bayan an gano. Mu a nan mafi yawan matan da muke gani sai a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa, bayan an sha jiƙo, an yi tsaga, an yi sakiya, an shafa abin da ya cinye fata har mama ta fashe tana wari.

Daga nan ne ma maganar "daji ba ya son ƙarfe" take samun gindin zama. Mace ta zo cutar ta riga ta kai hanta da ƙashi, a yi mata abin da za a iya, bayan wata uku ta rasu, sai unguwa ta ɗauka allura ce ta kashe ta. Ba wanda ke lissafa shekara ɗaya da rabin da aka yi ana yawo kafin a zo. Wadda kuwa aka yi wa aiki da wuri ta warke, shiru take yi, ba ta so a san an cire mata mama, sai labarin mamaciya ya zama shi kaɗai ne a bakin mutane. Zai yi kyau ku bincika a wane mataki maƙwabciyar nan ta je asibiti.

Ba ina raina tsirrai ba ne. Wasu daga cikin magungunan kemo ɗin da kansu daga itace aka samo su: vincristine daga wani fure na Madagaska, paclitaxel, wanda ake yi wa masu sankarar mama, daga ɓawon wata bishiya ta Arewacin Amurka. Bambancin shi ne an tace su, an san adadin da ke kashe cuta da wanda ke kashe mutum, an gwada su a kan dubban majinyata an ƙirga waɗanda suka rayu. Jiƙon da ke cikin jarka ba wanda ya san ƙarfinsa, na yau daban na gobe daban, kuma wasu suna taɓa hanta da ƙoda, gaɓoɓin da za a buƙaci lafiyarsu ran da ta yarda a fara kemo. Lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin kwalbar maganin gargajiya ma, galibi shaida ce cewa an duba ba a ga guba ba, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Zuma da habbatus sauda daidai misali, da addu'a da ruƙiyya, ba wanda zai hana ta. Matsalar ita ce su zama madadi.

In ta kawo maka maganar tawakkali, kada ka yi mata gardama da kanka, ka nemo malamin da take jin maganarsa. Hadisin da ya ce bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, sananne ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa. Amma a wannan matsayar dai ta shardanta izinin majinyaci in cikakken mai hankali ne. Ka ga malamai da alƙalai wuri guda suka tsaya: a yi mata nasiha, ba a ɗaure ta.

To me za ku yi? Ku fara gano abin da take ƙi takamaimai, don "ba na so" jaka ce mai ɗauke da kaya iri-iri. Wata tsoron mutuwa a kan gadon aiki take yi. Wata tsoron miji ya juya mata baya ko ya ƙaro aure, kuma ba za ta taɓa faɗin wannan a gabansa ba. Wata ta ji kuɗin ne ta lissafa gonar da za a sayar da makarantar yara, sai ta fake da gargajiya don ta sauƙaƙa muku. Irin wannan maganar ba a taron dangi ake jin ta ba. A samu mace 'yar'uwarta ko aminiyarta ta zauna da ita su biyu, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kowane dalili da amsarsa. In cire mama ne, ba kowace ake cire wa duka ba. Wani lokaci kemo ɗin da ake farawa da ita tana ƙanƙantar da ƙullutun har a cire shi kaɗai, a bi da gashin na'ura mai ƙona ragowar cutar. A tambayi likitanta ko hakan zai yiwu a gare ta. A tambaya kuma ko an auna tsokar da aka ɗauka an ga irin sankarar, domin wadda sinadarin mata ke ciyarwa tana jin ƙwayar tamoxifen da makamantanta, kuma wannan yana sauya tsarin maganin. In amai da zubewar gashi ne, akwai magungunan hana amai masu ƙarfi yanzu, gashi kuma yana dawowa bayan an gama. In kuɗi ne, Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate a 2021, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da ku, yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. Ku je ofishin jin daɗin marasa lafiya ku tambaya. Abin da na ga ya fi komai tasiri kuwa shi ne a haɗa ta da macen da aka yi wa aikin shekaru suka wuce tana nan tana harkokinta.

Tana da damar ta karɓi wani ɓangare ta bar wani, tana da damar jin ra'ayin likita na biyu, tana kuma da damar sauya shawara kowace rana. Ko ta sa hannu a takardar cewa ta ƙi magani, wannan bai rufe mata ƙofar asibiti ba, kuma maganin ciwo da wankin gyambo haƙƙinta ne ko ta yarda da kemo ko ba ta yarda ba. Don haka ku guji yi mata barazanar "in kin ƙi ba ruwanmu". Wadda aka yi wa haka, ran da abin ya tsananta kunya ke hana ta magana.

In duk an yi ta tsaya a kan bakanta, ku roƙe ta abu biyu. Na farko, ta daina shafa komai mai zafi a kan maman, kada kuma a tsaga ko a yi sakiya. Na biyu, ta yarda likita ya auna ƙullutun yanzu ya rubuta, a sake aunawa bayan mako huɗu, da sharaɗin in ya ƙaru za a sake zama. Ba don jiran ba shi da haɗari ba, yana da shi, amma ya fi a ɓace shekara guda. Ku tafi da jiƙon da na shafawar likita ya gani. In kuwa kafin lokacin fatar ta fara kumbura ko ta fashe, ko kaluluwar hammata ta girma, ko ta fara tari da haki, ko ciwon baya da ba ya barinta barci, kada a jira ranar, a kai ta a ranar da aka gani.